Yaushe Zargin Maguɗi a Ƙuri'a Ke Zama Hujja?



Ranar 1 ga Janairun 2002 ƙasashe 12 na Turai suka fara kashe sabon kuɗinsu na bai ɗaya, wato Yuro. Ba a rufa mako ba sai ga labari a jaridar Guardian ta Ingila, cewa wasu malaman lissafi a Poland sun gwada ƙwandalar Yuro ɗaya ta Beljiyam. Murza ta aka riƙa yi a kan teburi tana wulwulawa har ta kwanta, aka yi haka sau 250. Gefen da ke da hoton Sarki Albert na Biyu ya fito sau 140, gefen lamba sau 110. Da aka tuntuɓi wani malamin ƙididdiga a Landan, sai ya ce lallai da walakin, domin in ƙwandala ba ta da karkata, damar a ga tazara irin wannan ba ta kai kashi 7 cikin 100 ba.

Wani zai ce ina ruwanmu da kuɗin Turawa. To ai da ƙwandala alƙalin wasa ke raba gardamar wanda zai fara take leda. A 1968, a birnin Naples, da ita Italiya ta fitar da Tarayyar Sobiyet a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Turai, bayan an tashi babu ci. A 2015 kuma, a gasar cin kofin Afirka, Gini da Mali suka yi kunnen doki a maki da ƙwallaye, aka yi ƙuri'a, Gini ta wuce, Mali ta tattara ta koma gida. Mu ma nan da ƙuri'a ake fitar da ɗibar farko a adashi, da ita magada ke zaɓar kaso bayan an raba gona, da ita ake raba rumfunan kasuwa in masu nema sun fi rumfunan yawa. Caca haramun ce, wannan ba gardama. Ƙuri'a kuwa shari'a ta san da ita, ga ta a ƙissar Annabi Yunusa, ga ta a wajen masu neman riƙon Nana Maryam. Kuma duk inda aka yi ta, sai an sami wanda ya tashi yana cewa an yi coge. Abin da nake so mu tattauna shi ne yadda za a gane ko yana da gaskiya.

Wahalar ita ce, adalcin ƙwandala ba abu ne da ake gani da ido ba. Abin da ta haifar kaɗai muke gani. Kuma ƙwandalar ƙwarai tana iya ba da kowane irin jeri, har da kai, wato gefen hoto, sau goma a jere, sai dai ba kasafai ba. Ke nan babu adadin jifan da zai tabbatar da laifinta, babu kuma wanda zai wanke ta fes. Malaman manɗiƙi da na usulu sun daɗe da sanin wannan a babin istiƙra'i: in ka bi wasu ɗaiɗaiku ka yanke hukunci a kan duka, rinjayen zato ka samu, ba yaƙini ba. David Hume na Sikotlan ya tsananta maganar a 1739, ya nuna cewa hankali zalla ba shi da hujjar da za ta tilasta gobe ta yi kama da jiya.

Wanda ya fara nuna yadda za a auna wannan rinjayen zato da alƙaluma wani limamin coci ne a Ingila, Thomas Bayes. Ya rasu a 1761 bai buga aikin ba. Abokinsa Richard Price ne ya tsinto shi cikin takardunsa, ya aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society a 1763. A 1774 Laplace na Faransa ya gano hanyar a karan kansa, ya kuma faɗaɗa ta nesa da inda Bayes ya tsaya.

Ga yadda take aiki. A ce buhu ne da ƙwandala 1,000 a ciki. Guda 999 na ƙwarai ne, ɗaya jabu ce mai kai gaba da baya. Ka zura hannu ka zaro ɗaya, ba ka duba ba, ka cilla sau goma, duk goman kai. Jabun ce a hannunka?

Da yawa za su ce tabbas, tunda ƙwandalar ƙwarai sau ɗaya cikin 1,024 take yin haka. Amma tsaya. Kafin jifan farko, 999 ne ke gefen ta ƙwarai, ɗaya tak a gefen jabu. Wannan shi ne zaton farko. Sai shaida ta zo. Kai goma a jere abu ne da jabun ba ta da makawa sai ta yi shi, ta ƙwarai kuwa da ƙyar, saboda haka shaidar ta fifita jabu sau 1,024. Ninka zaton farko da nauyin shaida, sai ka sami 1,024 a gefe guda, 999 a ɗaya gefen. Kusan raba daidai. Bayan kai goma cur, har yanzu rabi da rabi kake. Da buhun mai ƙwandala 100 ne, jabu ɗaya a ciki, wannan shaidar dai da ta kai ka kashi 91 cikin 100. Shaidar ba ta sauya ba, buhun ne ya sauya. Koma buhun farko ka ƙara jifa goma, su ma duk kai, rinjayen jabu ya haura 1,000 a kan 1. In kuwa ɗaya gefen ya fito ko da sau ɗaya ne, zancen jabu ya mutu nan take.

Ƙa'idar ke nan gaba ɗayanta, abin da ya rage aiki da ita ne.

A nan ma za ku ga kuskuren masu cewa tunda kai ya fito sau bakwai, yanzu layin ɗaya gefen ne. Ƙwandala ba ta riƙe bashi. In ta ƙwarai ce, jifa na takwas ba ruwansa da na bakwai. In kuma jerin ya koya maka wani abu, to abin da ya koya maka shi ne watakila ta karkata wajen kai, ka ga kai ɗin ya kamata ka sa rai da shi.

Mu koma kan kashi 7 ɗin can. Malamin bai yi kuskuren lissafi ba. Kunnen mai sauraro ne ke juya maganar. Shi cewa ya yi, in ƙwandalar ta ƙwarai ce, irin wannan tazara ba ta cika faruwa ba. Mu kuma sai mu ji kamar ya ce, tunda an ga tazarar, damar ƙwandalar ta zama ta ƙwarai kashi 7 ce kacal. Maganganu biyu ne daban. A buhun ɗazu ta farko 1 cikin 1,024 ce, ta biyu kuwa rabi. Bai isa a ce abu ya yi wa wannan bayani wuyar faruwa ba, sai an tambaya ko ya fi sauƙi a wajen ɗaya bayanin, kuma da nawa.

David MacKay, malamin kimiyya a Jami'ar Kambirij, ya yi wa labarin Guardian wannan tambayar a littafinsa na 2003. Bari in kwatanta lissafin da mudun gero. A jifa 250, gefen sarki yana iya fitowa daga sifili har 250, wato sakamako 251. Jera ƙwarya 251, kowace da lambarta. Ba mai zargi mudu guda, ba mai kare ƙwandala mudu guda, ka ce kowa ya zuba geronsa inda yake sa ran sakamako zai faɗa, tun kafin a fara murzawa. Mai karewa ya san inda ya dosa. Zai tula nasa a ƙwarya ta 125 da maƙwabtanta, yana ragewa kaɗan-kaɗan yayin da yake nisa. Mai zargi fa? Ya ce akwai karkata, amma bai faɗi wane gefe ba, bai faɗi ko nawa ba. Dole ya barbaɗa nasa ko'ina daidai wa daida. Aka murza, aka sami 140. Buɗe ƙwarya ta 140. Mai karewa ya zuba kusan kashi 1 cikin 120 na mudunsa a ciki. Mai zargi kashi 1 cikin 251. Geron mai karewa ya ninka nasa sau biyu.

Kun ji fa. Alƙaluman da jarida ta buga a matsayin abin tuhuma, da aka auna su ta wannan hanya sai suka ɗan rinjaya wajen wanke ƙwandalar.

Mai zargi yana da ta cewa. Zai ce ba a yi masa adalci ba, shi bai taɓa tunanin ƙwandala za ta ba da sarki sau 240 ba, ƙaramar karkata yake nufi, a bar shi ya tara geronsa kusa da tsakiya. An yarda. MacKay ya gwada masa faɗi iri-iri, mai yalwa da matsattse, inda ya fi samun riba shi ne rinjayen kusan 2.3 a kan 1. Ko da za a bar shi ya leƙa sakamako tukuna, sannan ya ce ai dama kashi 56 cikin 100 yake nufi, wanda wannan maguɗi ne ƙarara, abin da zai samu bai wuce kusan 6 a kan 1 ba. Rinjayen biyu da ɗoriya a kan ɗaya ba ya kai mutum ko ofishin mai unguwa, balle kotu. Ba a kuma wanke ƙwandalar ba, a lura. Murzawa a kan teburi daban take da cillawa sama, kuma sulalla da dama suna karkata in an murza su, saboda yanayin bakinsu da yadda nauyinsu ya rabu. Hukuncin da jifa 250 ke iya ɗauka shi ne a je a ƙaro shaida.

Babban sukan da ake yi wa hanyar Bayes shi ne wannan zaton farko. Wa ya ba ka shi? A buhu mun san 999 da ɗaya domin mu muka zuba su. A rayuwa kuwa kowa da nasa. Manyan masana ƙididdiga na ƙarni na 20, irin su Ronald Fisher, sun ƙi hanyar saboda wannan dalili, suna ganin ta buɗe wa son rai ƙofa. Sukan yana da ƙarfi, amma ni ina ganin a nan ne ma hanyar ta fi gaskiya. Ba wanda ke zuwa wajen ƙuri'a da zuciya fayau. In alƙalin wasa ya ciro ƙwandala daga aljihunsa, da kuma in wani mai wasan kati a tasha ya ciro tasa, wa zai ce zatonsa ɗaya ne a kansu? Kai biyar a jere a hannun na farko sa'a ce, a hannun na biyu dalilin kama gabanka ne, kuma duka biyun hankali ne. Bayes bai ƙirƙiro zato ba. Tilasta maka ya yi ka ajiye shi a fili, da lamba, kafin a jefa, yadda abokin gardamarka zai iya cewa ka yi yawa ko ka yi kaɗan. Sannan in shaida ta taru da gaske, masu zato mabambanta kan haɗu a wuri guda, sai fa wanda ya rantse tun farko cewa abu ba zai yiwu ba sam. Shi wannan ko an shekara ana jifa ba ya motsi, domin sifili ko da me ka ninka shi sifili ne.

Ga misalin shaidar da ta taru. A 1894 wani masanin halittu a Ingila, Weldon, ya riƙa zuba 'ya'yan lido 12 a lokaci guda, har sau 26,306, yana ƙirga sau nawa biyar ko shida suka fito. Jimillar fuskokin da ya duba 315,672. In 'ya'yan lidon ba su da karkata, sulusin wannan adadi ake sa rai, wato 105,224. Shi kuwa 106,602 ya samu. Da kaso za a faɗa, 33.77 ne a maimakon 33.33, bambancin da ba mai wasan lidon da zai taɓa lura da shi ko da ya tsufa a kan allo. Amma a jifa masu yawa haka, rarar 1,378 ta ninka kaucewar da sa'a ta saba yi fiye da sau biyar. Karl Pearson ya yi amfani da waɗannan alƙaluma a 1900 ya nuna 'ya'yan lidon ba daidai suke ba. In ka bi ta hanyar Bayes, ko da ka sa mai zargi ya baza zatonsa ko'ina kamar ɗazu, zai yi rinjaye fiye da sau 1,000. Akwai kuma dalilin da hankali ke kamawa: ɗigon da ke jikin ɗan lido mai araha rami ne aka fafe, fuskar shida ta fi kowace rasa nauyi, tana kuma kishiyantar fuskar ɗaya wadda ta fi nauyi, sai mai nauyin ta riƙa komawa ƙasa. Kashi 56 a jifa 250 bai kama kowa ba, rarar da ba ta kai rabin kashi ɗaya ba ta kama 'ya'yan lidon Weldon.

Ga kuma misalin rarar da ba ta kama kowa ba. John Kerrich, malamin lissafi daga Afirka ta Kudu, an tsare shi a Denmak lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya cinye zaman da cilla ƙwandala sau 10,000. Kai ya fito sau 5,067. Wannan rara ta 67 tana cikin abin da sa'a ke yi kullum.

Sai dai hanyar Bayes tana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Bayanan da ka kawo mata kaɗai take aunawa. In gaskiya tana wani wuri da ba ka ambata ba, ba za ta nuna maka ba. Shekara da shekaru ana tambayar ko ƙwandala ta fi son kai ko ɗaya gefen. Persi Diaconis na Jami'ar Stanford, wanda ya yi sana'ar wasan rufa-ido tun yana yaro kafin ya koma lissafi, ya sauya tambayar. Shi da abokan aikinsa Susan Holmes da Richard Montgomery sun yi aiki da na'urar cilla ƙwandala da ke ba da fuska ɗaya a kowane jifa, abin da ya nuna cewa rashin tabbas ɗin daga hannun mutum yake. Suka kuma ɗauki hoton jifan mutane da kyamara mai sauri, suka ga ƙwandala ba ta juyawa tsaf, tana tangaɗi a iska, wanda ke sa fuskar da ta fara kallon sama ta ɗan fi daɗewa a sama. A 2007 suka yi hasashen cewa kusan kashi 51 cikin 100 na jifa zai ƙare a fuskar da aka fara da ita.

Ku lura, sun faɗi gefen, sun faɗi adadin, tun ba a gwada ba. Irin wannan zargi shi ke cin riba babba in ya dace, ya kuma sha ƙasa in ya kuskure. A 2023 wani ayari ƙarƙashin František Bartoš na Jami'ar Amsterdam ya fitar da sakamakon gwaji: mutum 48, nau'in sulalla 46, jifa 350,757, kowanne an rubuta fuskar da ya fara da ita, aka kuma auna da lissafin Bayes. Tsakanin kai da ɗaya gefen ba a ga bambanci ba. Amma fuskar farawa ta dawo a kashi 50.8 cikin 100, kuma wasu masu jifan karkatarsu ta fi ta wasu nesa ba kusa ba. Laifin na babban yatsa ne.

Wani lokaci kuma rai ne a kan layi. Ranar 1 ga Disamban 1969 Amurka ta yi ƙuri'ar ɗaukar samari aikin soja lokacin yaƙin Biyetnam. An rubuta ranakun shekara 366, kowace a cikin ɗan ƙwanso, ana zarowa ɗaya bayan ɗaya a gaban talabijin. Wanda ranar haihuwarsa ta fito da wuri shi za a fara kira. Kiran ya tsaya a lamba 195. In an gauraya da kyau, ranakun Disamba 16 ko 17 ne ake sa ran su faɗa cikin waɗanda aka kira. Guda 26 cikin 31 suka faɗa. Masana ƙididdiga suka yi ca. Abin da ya ƙarfafa zarginsu ba alƙaluman kaɗai ba ne, har da sanin yadda aka shirya abin: wata-wata aka riƙa zuba ƙwansunan, daga Janairu zuwa Disamba, gaurayawar ba ta isa ba, na ƙarshen shekara suka tsaya a sama inda hannu ke fara kaiwa. Bayani ne mai dalili, ya kuma faɗi daidai gefen da karkatar za ta bi. Ba a soke ƙuri'ar ba, amma a ta 1970 an sauya tsari, aka yi amfani da ganguna biyu masu juyawa, ɗaya na ranaku ɗaya na lambobi.

To ga kirana. Ku masu shirya ƙuri'a, uwar adashi ce ko shugaban kasuwa ko jami'in rabon filaye, ƙuri'arku sau ɗaya ake yin ta, ba za a maimaita sau 300,000 a gano gaskiyarku ba. Abin da zai wanke ku shi ne tsarin da kowa ya gani: takardu girmansu ɗaya, naɗinsu ɗaya, a gauraya a gaban jama'a har sai sun ce ya isa, wanda ya naɗe kada ya zama shi ne mai zarowa, a kuma ajiye sakamakon kowane zagaye a rubuce. Mai cilla ƙwandala ya rufe ta da hannu, kada mai zaɓa ya ga fuskar da ke sama. Kai kuma mai zargi, in kana ganin za a yi coge, faɗi wanda za a yi wa da yadda za a yi tun kafin a zura hannu a ƙwarya, a gaban shaidu. In abin da ka faɗa ya riƙa faruwa zagaye bayan zagaye, kawo takardar mu zauna mu lissafa.